Gwaggo da Rigunan Faifan Garmaho

Ranar da muka rufe Gwaggo a Filinge, duk wanda ya zauna kan tabarmar gaisuwa, da ya shafa fatiha, magana ɗaya yake yi: ta huta. Limamin unguwa ya faɗa. Tsohuwar Bafulatanar da ta daɗe tana kawo mata nono ta faɗa, tana share ido da bakin mayafi. Mahaifina, wanda shi ne ƙanenta, kuma yanzu shi kaɗai ya rage a ɗakinsu, ya ce, "Shekara biyu kwance, ga macen da ba ta taɓa zama hannu banza ba. Allah ya yi mata gata."

Daga cikin gida kuwa har dariya muka riƙa jiyowa. Wata maƙwabciya ce take ba mata labarin ranar da ta je duba ta sanye da sabon zane. Gwaggo tana kwance, baki a karkace, magana da ƙyar, ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wa ya zaɓa miki wanga zane? Ki yahe mishi." Matan suka yi dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya.

Ni dai na laluba zuciyata, abin da na tarar sauƙi ne, har na ji kunya. Wani yayana ya matso ya ce mini a kunne, "Kai da ta riƙa, ko ɗigon hawaye?" Ban ba shi amsa ba. Amsar ce nake rubutawa a nan, don kuma kada jikoki su tashi ba su san wace ce aka rufe ba.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu aka kawo ni hannunta daga ƙauyenmu, saboda na samu shiga kwaleji a Filinge. Mijinta ya riga ya rasu, ɗiyarta guda tana gidan aure. Sana'arta ɗinkin faifai da saƙar tabarma. Ita take rina kabarta da kanta: ja da karan dafi, baƙi da bagaruwa da tsatsar ƙarfe. Mace ce doguwa, marar yawan fara'a. Idan ta kusa gama faifai ta hango wurin da baƙi ya tsallake layi ɗaya, sai ta warware shi har tsakiya. Na taɓa ce mata ai mai saye ba zai lura ba. Ta ce, "Ni na lura."

A daminar farko ɗakinta ya yi yoyo, ta sa ni in jawo wani akwatin ƙarfe daga bango, mu fitar da kayan ciki su sha iska. A ƙarƙashin tsofaffin zannuwa na ga wasu kwalaye masu faɗi, kowane da zane a kansa. Fayafayan garmaho ne da mijinta ya yi ta kawowa daga Kumasi, inda ya yi shekaru yana dako, daga baya ya zama yaron mota. Garmahon ya mutu tun kafin a haife ni. Wasu fayafayan ma sun farfashe, kwalayen kaɗai suka rage. Gwaggo riguna take kiran su, rigunan faifai.

Ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin waƙoƙin ba, har yau. Amma ranar nan na zauna a ƙasa har aka kira la'asar ban sani ba. Akwai mai jirgin ruwa da maza suna jan koma, sama koriya shar, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin bayan gari ba. Akwai mai mace tana rawa, wadda mai zanen ya ja ta da layuka kaɗan, amma sai ka rantse zanenta yana motsi. Akwai wanda ba mutum ba dabba, zobba ne kawai na launi, wani cikin wani. Akwai kuma na wani mutum zaune kan ƙunshin kaya a bakin jar hanya, da garaya irin ta Turawa a cinyarsa, ya waiwaya baya. Wannan kuwa, Gwaggo ta karɓe daga hannuna ta share shi da gefen zane. "Wanga baƙona ne," ta ce.

Tun daga nan na kamu. A lakkwal, wato makarantar boko, mushe malaminmu yana lissafi a allo, ni ina tunanin abin da ya sa aka yi sama koriya. Da an tashi sai gida da gudu. Gwaggo ta ga abin ya yi yawa, ta kafa doka: riga ɗaya a yini, sai na wanke hannu, kuma sai na faɗa mata abin da na gani.

Ranar farko ta miƙo mini mai jirgin ruwa, tana ɗinkinta. "Mi ka gani?"

Na ce, "Jirgi da mutane."

"Wanga ko akuya ta gan shi. Ina idonka ya hwara sauka?"

Na sake dubawa. Na ce kan wani ɗan jan ƙyalle a kan mutumin tsakiya.

"To mi ya kai shi can?"

Ban sani ba. Ta ajiye basilla, ta nuna mini da farce yadda igiyar komar, da bakin jirgin, da hannuwan mazan, duk suka nufi wuri ɗaya. Ta ce mai zanen ya kora idona kamar yadda makiyayi ke kora shanu rijiya. Sannan ta rufe jan ƙyallen da babban yatsa. Nan take zanen ya mutu. Ta ɗage yatsa, ya farfaɗo.

Macen nan ba ta taɓa shiga lakkwal ba, ba ta iya karanta ko harafi ɗaya da ke jikin kwalayen ba. Amma tana cewa, "Baƙi shi ka sa ja magana." Tana cewa, "In ka cika wuri duka, ido ba shi samun inda zai zauna." Akwai wata riga mai hoton samari da kwat da ƙahonin busa, wadda ni na fi so saboda ƙyalƙyali. Ita ko kallo ba ta ishe ta ba. "Sun tsaya a gan su ne. Ba kowa ciki."

Ranar kasuwa nakan ɗaukar mata fayafan da ta ɗinka. Idan ciniki ya lafa sai ta ja ni zagaye, ba don saye ba. Ta ɗauki ƙwaryar Fulani ta juya ta ce wadda ta zana wannan tana da jinjiri, dubi inda aka katse ta. Ta tsaya gaban jakar fata ta Buzaye ta daɗe, har mai ita ya fara yi mata farashi, ta ce, "Ba saye ni kai ba, gaishe ka ni kai. Hannunka ya yi kyau." Buzun ya dafa ƙirji.

Ba wai taushi gare ta ba. Wata rana ta kama ni na ɗora siririyar takarda a kan mai rawa ina bin layi. Ta buge mini hannu da ƙunshin kaba har ya yi shati. "Sata ce wagga. Ka duba da ido, ka aje, ka zana abin da ya rage maka cikin kai. Abin da ya rage shi ne naka."

A shekara ta biyu makina suka faɗi. Mahaifina ya zo kasuwa ya biyo ta gida, ya buɗe littafin rubutuna, ya tarar rabinsa jirage ne da mata masu rawa. Ya sa na kawo masa tushen abin. Da ya ga rigunan sai fuskarsa ta canza. Ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da hotuna, ya ce karatu ya aiko ni ba shashanci ba, ya ce in kwaso su zuwa murhu.

Gwaggo ta tattara su ɗaya bayan ɗaya, ta mayar akwati, ta rufe, ta zauna a kai.

"Yaya, tashi," in ji mahaifina.

"Ni na goye ka," ta ce. "Bayan nan nawa ka yi ma hitsari. Kayan mijina ne. In ƙonawa za ka yi, haɗa da ni."

Ya tsaya yana huci. Ya ce to zai tafi da ɗansa. Ta ce ɗansa ne, ga shi ga hanya. Ni ina rakuɓe jikin rumbu. Ya fita bai tafi da ni ba, bai kuma yi sallama ba. Tun daga shuka har aka yi girbi ba su yi magana ba.

Abin da ban zata ba, da ya fita sai ta juyo kaina. Ta ce ubana yana da gaskiya a rabi, kuma rabin nan ba ƙarami ba ne. Ta ɗaure makullin akwatin a bakin zanenta. Ba riga sai ranar da na kawo maki mai kyau, kuma da an kira salla a mayar da ita akwati. Bayan girbi ta ɗinka wani faifai wanda ban taɓa ganin ta yi irinsa ba, ta ba ni in kai wa mahaifiyata. Mahaifina ya juya shi a hannu ya daɗe. Da zan dawo ya ɗora mini damin gero a kan jaki ya ce, "Ka gaida Yaya." Iyakar sulhun ke nan. Shekaru bayan haka, da na ce zan tafi Yamai koyon fenti, ita ce ta taka har ƙauye ta zauna da shi yini guda. Ban san abin da ta faɗa masa ba. Ya dai sa mini albarka.

A Yamai na zama mai zanen allunan shaguna: masu aski, masu tuwo, bayan manyan motoci. Da shi na yi aure, da shi na ciyar da iyali. Shekarar da na buɗe rumfata, na zo gida na roƙi Gwaggo ta ba ni baƙonta in kafa a gabana. Ta kwance makulli. "Aro ne," ta ce. "Ba kyauta ba."

Damina uku yana wurina. A ta huɗu aka yi wani ruwa da rana tsaka ina wurin aiki can wata unguwa, ruwa ya shiga rumfar har gwiwa. Na saukar da shi daga bango kwana biyu kafin nan don in yi shafe, na jingine shi a ƙasa. Da na iso na tarar da shi ya zama kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Na ɗaga, ya narke a hannuna.

Da na je gida da salla, bayan gaisuwa ta ce, "Baƙona yana lahiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Gwaggo."

Ban shirya ƙaryar ba, fita ta yi. Da ta fita kuma sai ta zauna. Duk zuwa sai ta tambaya, duk tambaya sai in ce lafiya lau. Na fara gajarta zama a ɗakinta. Na fara aiko da saƙo maimakon in zo. Sallah ta wuce ban je ba, wata ta sake wucewa. Tafiyar da ba ta wuce ta rabin yini ba, na mai da ita kamar ta Makka. Matata ta sha ce mini, "Takarda ce fa. Ka faɗa mata ka huta." Ni kuwa na san ba takarda ba ce. Fiye da shekara ashirin ina haka. Ko da ciwon ya kwantar da ita, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, sau biyu na je, kuma ina fakewa cikin masu dubiya.

Wata biyar kafin rasuwarta ɗiyarta ta kira ni a waya. "Ƙanena, tana cigiyarka. Ta ce ka zo mata da baƙonta."

Na zauna a rumfa na rasa inda zan sa kaina. Sai na yi abin da na iya. Na samo kwali mai kauri irin na da, na yanka daidai girman. Mutumin nan na san shi kamar tafin hannuna, ko haka na ɗauka. Mako uku ina zana shi: jar hanya, ƙunshin kaya, waiwayen. Na shafa masa ruwan shayi, na kanga shi a hayaƙi, na murje kusurwoyin da dutse. Na ce a raina idon tsohuwa ne, ga ciwo. Da na gama, ni kaina ya ruɗe ni.

Na same ta an fito da ita rumfar tsakar gida da hantsi. Ta rame har ta koma kamar yarinya. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata. Ta karɓa da hannun da ke aiki, ta nisanta shi da fuska, ta kalla. Kaji suna tono a gefe.

"Wanga ya zauna," ta ce, maganar tana fita da nauyi.

Na ce, "Na'am, Gwaggo?"

"Ya zauna da duwawu biyu. Nawa baƙon da rabin duwawu ya zauna, ƙahwa ɗaya ta riga ta tashi. Mota shika jira. Wanga ko yana da gida, da mata, da ɗiya." Ta juyo da ido kaina. "Wa ya zana?"

Shekara nawa ina kallon mutumin nan, ban taɓa ganin ƙafar ba. Na kifa kai a bakin tabarmarta, ni da furfurata, na faɗa mata komai: ruwan, da jinginewar, da ƙaryar farko, da shayin, da hayaƙin. Ta bar ni na gama.

"Na sani," ta ce. "Tun shekarar da ka bar duban huskata in kana gaisuwa."

"To me ya sa kike ta tambayata?"

"Ƙohwa ni ka buɗe maka. Kai ko kullum sai ka bi ta katanga." Ta huta, numfashinta yana sama-sama. "Mijina ya ce ya saye shi don haka shika zama bakin hanya in ya tuna gida. Na so shi, ba ƙarya. Amma ruwa ya ci garuruwa, balle kwali. Abin da ya ci mini rai sallolin da na dahwa maka tuwo ba ka zo ba. Wanga ne ban san yadda za ka biya ba."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Na yahe, duniya da lahira." Sannan ta ce ni ma in yafe mata, don ita ce babba, da ta fito fili ta ce ta sani tun da wuri, da ba mu yi asarar shekarun nan ba. Ta ce taurin kai gadon gidanmu ne, in duba ubana. Ɗiyarta da ke tankaɗe a gefe ta yi dariya tana hawaye.

Na miƙa hannu zan karɓe kwalin in yaga. Ta riƙe. "Bar shi. Jar hanyar ta hi ta wancan. Amma shayin nan ka ɓata ma kanka aiki." Ta sa aka jingine shi inda za ta riƙa gani.

Daga ranar ban sake bari wata ya wuce ban zo ba. Nakan kwana biyu, in kwana uku. In ɗaga ta, in ba ta kunu da ludayi, in buɗe akwatin mu ɗauko riga ɗaya. Wani lokaci ta yi magana, wani lokaci barci ya ɗauke ta kwalin yana kan ƙirjinta. Ciwon kuwa yana ta ci. A zuwana na ƙarshe bayanta ya yi gyambo saboda kwanciya, ko juya ta aka yi sai ta ciji leɓe. Ta ce mini ta gaji, ba ta jin tsoro, ta dai gaji. Ta sa ɗiyarta ta ɗauko likkafanin da ta saya ta ajiye tun tana da ƙarfi, ta ce in ɗaga mata shi ta ga rana ta cikinsa. Na ɗaga. Ta bi shi da ido daga wannan baki zuwa wancan.

"Saƙar ta yi daidai," ta ce. "Ninke. Tahi ka kama motarka."

Kwana tara bayan haka, da safe, bayan ta sha ruwa ta yi kalmar shahada, ta cika a hannun ɗiyarta.

Na yi kwana bakwai na zaman makoki. A na takwas na shiga motar Yamai, aka matse ni tsakanin buhun gero da wani dattijo mai rago. Ko fita gari ba mu gama yi ba barci ya kwashe ni, irin wanda rabona da shi tun ina yaro a ɗakinta. Sai a Baleyara dattijon ya taɓa ni ya ce, "Malam, tashi ka miƙe ƙafa. Kai kam ba ka da damuwa."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sanyaya mata makwanci, ya musanya mata shekara biyun nan da hutun da ba ya ƙarewa. Ya nuna wa idonta abin da ba za ta samu aibinsa ba. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun masu jin ta suna da rai. Amin.